Darasi na Goma Sha Biyu: Tsoron Ɓarayi a Ƙauye

Panda gari ne a Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, arewa da Keffi. Yawancin mutanen yankin manoma ne, suna shuka doya da masara da dawa.

A irin wannan gari, idan ɓarayi suka sace babur guda, mutum ɗaya ne ya yi asara, amma unguwa duka ba ta barci a daren. Mu ɗauki misalin manomin da ba a taɓa yi masa sata ba. Da ya ji labarin an yi garkuwa da wani a hanya, sai ya daina zuwa gonarsa mai nisa shi kaɗai. Ciyawa ta cinye doyar. Matarsa kuma takan baro kasuwa kafin la'asar, ko da kayanta ba su ƙare ba. Idan yaro ya kamu da zazzaɓi cikin dare, sai a jira gari ya waye kafin a kai shi asibiti a Keffi.

Mafi muni shi ne zargi. Baƙon da a da ake tarba da ruwan sha, yanzu kallon tuhuma ake yi masa. Shi ya sa garuruwa da dama suka kafa 'yan banga domin taimaka wa 'yan sanda, ko da yake mai gadin dare yakan wayi gari a gajiye, ya kasa noma.

Tambayoyi
1. A wace ƙaramar hukuma Panda take?
2. Me ya hana manomin zuwa gonarsa?
3. Yi jimla da kalmar "zargi".