Gaba da Baya: Yadda Hausa Ke Auna Lokaci da Kalmomin Wuri

Lokaci ba shi da jiki, shi ya sa harsuna kan aro kalmomin wuri domin bayyana shi, kamar yadda Lakoff da Johnson suka yi bayani a 1980. A Hausa, kalmomi biyu ne suka ɗauki mafi yawan wannan nauyi, wato "gaba" da "baya", waɗanda asalinsu sunayen sassan jiki ne.

Manomin rani a Kura ko Bunkure, mai ban ruwa daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974, yakan ce, "A shekarun baya sai da damina muke noma," ko kuma, "Nan gaba za a yashe magudana." A nan mai magana matafiyi ne: abin da ya wuce yana bayansa, wanda bai zo ba yana gabansa. Hatta "za" mai nuna lokaci mai zuwa daga tafiya ta samo asali, kamar yadda ake ji a "za ni gona".

Sai dai wannan manomin ne kuma zai ce "gabanin shukar alkama" da "bayan yankan shinkafa". Yanzu gaba ta koma abin da ya riga aukuwa, baya kuwa abin da ya biyo. Haka nan "magabata" su ne mutanen da, "na baya" su ne masu tasowa. Ɗalibi kan ɗauki wannan tufka da warwara ne, alhali ma'aunin ne ya sauya. An bar jikin mai magana, an jera al'amuran su kansu, tamkar motocin tumatir da suka taso daga kasuwar Kwanar Gafan: ta gaba ce take riga isa, sannan ta baya.

Rashin rarrabe waɗannan ma'aunai biyu yana iya kai manazarci ga kuskure. Wanda ya dogara da kalmar "magabata" kaɗai zai sa Hausa a sahu ɗaya da harshen Aymara na Kudancin Amurka, inda binciken Núñez da Sweetser na 2006 ya nuna cewa dattawa kan nuna gabansu da hannu idan suna zancen abin da ya shuɗe. Ba-Aymare da jikinsa yake aunawa, domin a wurinsa abin da aka riga aka sani shi ne wanda ido ke gani. Magabatan Bahaushe kuwa suna gaba ne saboda sun riga shi shiga layi.