Digiri na Biyu a Kimiyyar Binciken Laifuka: Abin da Ya Kamata Ɗalibi Ya Auna Kafin Neman Gurbi

Kimiyyar binciken laifuka, wadda ma'aikatan fagen suke kira foransik, ita ce amfani da hanyoyin kimiyya wajen tantance abin da aka tsinta a inda aka aikata laifi ko aka yi haɗari, kamar jini da gashi da zanen yatsa da kwanson harsashi da wayar hannu, domin a miƙa wa kotu sakamakon da za ta iya kafa hukunci a kansa. Matsalar da ta fi yi wa masu neman digiri na biyu a wannan fage illa ita ce ɗaukarsa da suke yi fanni guda, alhali kuwa rumfa ce da ta tattara fannoni masu nisa da juna, kowanne da irin tushen karatun da yake bukata. Saboda wannan rashin fahimta, ɗalibi kan kashe kuɗi mai yawa a kwas ɗin da ya ɗanɗana masa komai bai ƙosar da shi a ko ɗaya ba, ya fito da takardar shaida mai kyan suna, amma babu ɗakin gwaje-gwajen da zai yarda ya damƙa masa samfurin da rayuwar wani ta rataya a kansa.

Tushen fagen yana cikin ƙa'idar da ake jingina wa Edmond Locard, wanda ya kafa ɗakin gwaje-gwajen 'yan sanda a birnin Lyon na Faransa a 1910, wato duk lokacin da abu biyu suka gogi juna, kowanne yakan bar wa ɗan'uwansa wata alama. Sai dai kowace alama da ilimin da ke iya karanta ta, kuma nan ne zaɓen reshe ya zama dole. Wanda ya yi digirin farko a kimiyyar sinadarai ya fi dacewa da nazarin guba da miyagun ƙwayoyi da ragowar gobara da abubuwan fashewa. Wanda ya karanci ilimin halittu ko sinadaran jikin ɗan'adam hanyarsa ita ce gwajin DNA, wato sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin halitta wanda ya bambanta mutum da mutum. Wanda kuma ya fito daga kimiyyar kwamfuta sai ya nufi zaƙulo bayanai daga wayoyi da na'urori. Binciken gawa domin gano musabbabin mutuwa kuwa aikin likita ne, sai an gama karatun likitanci an kuma ƙware a ilimin cututtuka, babu wani digiri na biyu na shekara guda da zai maye gurbin wannan. Haka nan ilimin nazarin masu laifi da dalilan aikata laifi reshe ne na kimiyyar zamantakewa, kuma kamar da sunansa ya yi da na kimiyyar binciken laifuka ta sa wasu sun shiga ajin da ba shi suka nufa ba.

Bayan zaɓen reshe sai zaɓen makaranta, kuma ma'aunin da ya fi kowane nauyi shi ne yawan sa'o'in da ɗalibi zai yi da hannunsa a kan na'ura. Ya kamata mai neman gurbi ya rubuta wa sashen tun kafin ya biya ko kwabo, ya tambayi ko ɗalibai da kansu suke sarrafa na'urar GC-MS, wadda ke rarrabe sinadarai ta kuma fayyace kowanne, ko malami ne ke nuna musu daga nesa. Ko ana shirya musu wurin laifi na gwaji da kotun gwaji. Da kuma ko a cikin malaman akwai waɗanda suka taɓa tsayawa gaban alƙali suka ba da shaida. A Birtaniya digirin yakan ɗauki shekara guda, a Amurka galibi shekara biyu, kuma a ƙasashen biyu akwai hukumomin da ke tantance kwasa-kwasan, wato ƙungiyar Chartered Society of Forensic Sciences a Birtaniya da hukumar FEPAC a Amurka. Jami'ar Strathclyde da ke Glasgow tana koyar da wannan digiri tun shekarun 1960, makarantar Jami'ar Lausanne a Suwizalan kuwa, wadda Rodolphe Archibald Reiss ya kafa a 1909, da Faransanci take yawancin karatunta, abin da zai zo wa ɗaliban Nijar da Chadi da Kamaru da sauƙi. A Indiya akwai jami'ar da aka keɓe wa fagen kacokan a Gandhinagar ta jihar Gujarat, wadda ta zama ta ƙasa a 2020.

Akwai darasi guda da ɗalibai kan raina, kuma shi ya fi cancantar a tsaya a kansa, wato lissafin yiwuwa da iya faɗin iyakar abin da sakamako ya tabbatar. A 2004, bayan harin jiragen ƙasa na birnin Madrid, ƙwararrun hukumar FBI ta Amurka sun danganta wani zanen yatsa ga wani lauya a jihar Oregon, aka tsare shi mako biyu, kafin 'yan sandan Sifaniya su nuna cewa zanen na wani ɗan Aljeriya ne. A 2009 Majalisar Kimiyya ta Ƙasa a Amurka ta fitar da rahoton da ya nuna cewa, in aka cire gwajin DNA, yawancin hanyoyin kwatanta alamu, kamar shatin cizo da silin gashi, ba su da hujjar kimiyya da ta isa a ce alama ta mutum kaza ce shi kaɗai. A 2015 kuma FBI ta amsa cewa an samu kuskure a shaidar da ma'aikatanta suka bayar kan gashi a fiye da kashi 90 cikin 100 na shari'o'in da aka sake dubawa. Abin da ya jawo irin wannan sau da yawa shi ne son zuciyar da ba a ankara da shi ba, inda mai gwaji, da zarar ya ji labarin wanda ake tuhuma, sai idonsa ya fara ganin abin da yake sa ran gani. Makarantar da ba ta koyar da waɗannan kurakurai a fili, ba ta kuma horar da ɗalibi yadda zai jure tambayoyin lauyan wanda ake tuhuma ba tare da ya ƙara wa sakamakonsa gishiri ba, ta bar shi da rabin sana'a. Yana da kyau ɗalibi ya riƙa tunawa cewa karo na farko da aka yi amfani da gwajin DNA da Alec Jeffreys ya gano a Jami'ar Leicester a 1984 a shari'ar kisa, wani matashi ne gwajin ya fara wankewa a 1986, duk da cewa matashin ya amsa laifin da bakinsa, sannan aka ɗaure ainihin mai laifin a 1988.

Maganar aiki ita ce ta biye, kuma gara a yi ta tun ran gini. Guraben aiki a ƙasashen da ake zuwa karatu ba su da yawa. Birtaniya ta rufe hukumar foransik ta gwamnati a 2012, aikin ya koma hannun kamfanoni da rundunonin 'yan sanda, kuma da yawa daga guraben suna bukatar tantancewar tsaro da ke yi wa baƙo wuya. A Najeriya bukatar a bayyane take, domin bayan haɗarin jirgin Dana a Legas a 2012 sai da aka kai samfurori Birtaniya kafin a gane wasu gawarwakin, cibiyar DNA da jihar Legas ta buɗe a 2017 kuma an ƙona ta a tarzomar Oktoban 2020. Masu ɗaukar irin waɗannan ƙwararru su ne rundunar 'yan sanda da NDLEA da EFCC da NAFDAC da asibitocin koyarwa da jami'o'i, sai bankuna da kamfanonin sadarwa ga masu binciken na'urori, reshen da kayan aikinsa suka fi sauƙin samu. Wanda zai dawo gida ya wajaba ya karanci Dokar Shaida ta 2011, musamman sashe na 68 kan ra'ayin ƙwararru da sashe na 84 kan shaidar da aka ciro daga kwamfuta, ya kuma laƙanci ƙa'idar ISO 17025 ta ingancin ɗakunan gwaje-gwaje, da tsarin rubuta duk hannun da samfuri ya bi tun daga wurin laifi har zuwa kotu, domin giɓi ɗaya a wannan jeri ya isa lauya ya rushe gwajin da aka yi wata uku ana yi.

Shawarar da ta fi amfani ga wanda bai tsai da magana ba ita ce ya fara yin shekara ɗaya ko biyu a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti ko na masana'antar magunguna, ko da a lokacin hidimar ƙasa ne, inda zai saba da awo da tsafta da rubuta kowane mataki. Wannan zai nuna masa ko zai iya jure aikin da yawancinsa maimaici ne da cike takardu, zai kuma taimaka masa wajen neman tallafi, tun da Chevening na gwamnatin Birtaniya yana bukatar aƙalla shekara biyu na aiki, tare da sharaɗin komawa gida bayan karatu. Idan kuɗin fita waje bai samu ba, digiri na biyu a nazarin sinadarai ko ilimin ƙwayoyin halitta a jami'ar gida, tare da kundin bincike da ya shafi foransik, hanya ce mai ƙwari. Batutuwan da ke jiran mai bincike a nan gida suna da yawa: yadda zafin bazara da ƙurar hunturu ke lalata tabon jini, da bayanan yawaitar alamomin DNA a tsakanin al'ummomin yankin, waɗanda sai da su ake iya lissafa ƙarfin sakamako, da kuma hanyoyin ɗaukar samfuri cikin hanzari a wuraren da ake yi wa mamaci sutura a ranar da ya rasu.