Yadda ake wanke motar wasa ta roba

Yaran Tajaye sun daɗe suna ƙera motocin wasa da hannunsu. Wani ya yi da karan dawa, wani da waya da gwangwanin tumatir. In ta lalace, sai ya ƙera wata. Amma yanzu akwai motar roba mai batir, wato pil, wadda ake tuƙawa daga nesa da rimot. Ana samun ta a kasuwar Birnin Ƙonni. Masu dawowa daga cin rani ma suna kawo ta tsaraba. Wannan mota da kuɗi ake sayen ta. In ta mutu, kuɗin sun tafi.

Wani magidanci ya kawo wa ɗansa irin wannan mota. Lokacin hunturu ne, ƙura ko'ina. Yaro yana ta tuƙa ta cikin rairayi. Bayan ƴan kwanaki mota ta fara gurnani, daga nan ta tsaya cik. Uban ya ɗauko kwalbar fetur ta babur ɗinsa. Sai maƙwabcinsa mai gyaran rediyo ya hango shi.

"Maigida, tsaya! Mi za ka yi da fetur ga?"

"Wanke ta zan yi, Malam. Ai da shi muke wanke sarƙar babur."

"Sarƙa ƙarfe ce. Wagga kuwa roba ce. Kawo ruwa da sabulu in gwada maka."

Mai gyaran rediyo ya yi gaskiya. Yawancin roba daga ɗanyen mai ake yin ta, inda fetur ya fito. Shi ya sa fetur yake cin wasu irin roba. Jikin motar ya kan yi laushi, ya yi danƙo, launinsa ya dushe, daga baya ya tsage. Ga kuma haɗarin gobara, musamman a gidan da ake girki da itace.

In ka buɗe motar za ka ga wasu ƴan faya-fayai masu haƙora, sau da yawa farare. Su ne suke juya ƙafafun motar. A wasu motoci da nailan ake yin su. Nailan wata roba ce mai ƙwari. A Amurka aka fara yin ta a shekarar 1935, kuma a 1938 aka fara yin gashin buroshin haƙori da ita. Nailan tana da juriya, amma rairayi abokin gabanta ne. In ya shiga tsakanin haƙora, sai ya riƙa cin su kamar yadda dutsen niƙa yake cin tsaba. Gurnanin da motar take yi ke nan.

Ga yadda ake wankin:

1. Cire batir tukuna, na mota da na rimot.

2. Kwance kusoshi. Zuba su cikin murfin kwano don kada su ɓace. Duba wurin zaman kowane abu da kyau kafin ka cire shi.

3. Ware inji da wayoyi da ɗan allon nan mai launin kore. Waɗannan ba sa son ruwa ko kaɗan. Hure ƙurarsu, ka share da busasshen tsumma.

4. Zuba ruwa mai ɗumi a kwano, ka sa sabulu kaɗan. Ban da tafasasshen ruwa, don yana lanƙwasa roba maras kauri.

5. Jiƙa kayan roba da na nailan na ɗan lokaci. Sai ka goge su da tsohon buroshin haƙori. Bi tsakanin haƙora da tsinke. Cire gashi da zaren da suka naɗe a ƙarfen ƙafa.

6. Ɗauraye da ruwa mai tsabta. Shanya a inuwa har su bushe sarai. Kowa ya san yadda butar roba take tsagewa in ta daɗe a rana.

7. Mayar da kowane abu wurinsa. Kada ka zuba baƙin mai ko man gyaɗa a haƙoran. Mai yana kama ƙura, sai aikin ya dawo sabo.

Akwai abin da ya fi motar muhimmanci, shi ne lafiyar yaro. Batir in ya tsufa ya kan yi ruwa, ko ya fitar da wani farin gari. Wannan abu yana ƙona fata da ido. Kankare shi da tsinke, ka wanke hannu da sabulu. Kada a bar yara su fasa tsohon batir ko su sa shi a baki. Ƙaramin batir mai kama da maɓalli shi ya fi haɗari. In yaro ya haɗiye shi, yana iya ƙona maƙoshinsa cikin ƴan awoyi. A kai shi likita nan da nan, kada a jira gari ya waye.

Da la'asar kayan suka bushe. Mai gyaran rediyo ya haɗa mota, ya sa batir, ya miƙa wa yaro rimot. Mota ta tashi da gudu, ba gurnani. Maigida ya ce, "Malam, Allah shi saka da alheri. Da yanzu na yi ɓarna."

Ya ce, "Amin. In yaro ya gama wasa, a cire batir, a ajiye ta a ɗaki."

Tambayoyi

1. Don me ba a wanke roba da fetur?
2. Waɗanne kayan mota ne ba sa son ruwa?
3. Me za a yi in yaro ya haɗiye batir?
4. Rubuta sunayen kayan roba uku na gidanku da za a iya wankewa ta wannan hanya.