Ciki a Wajen Mahaifa: Tsokaci a Kan Kalmomin Jinya

Duk wanda ya koyi Hausa a aji, irina, ya san wahalar kalmar ciki. Ita ce tumbi, ita ce juna biyu, ita ce kuma kishiyar waje. A wannan 'yar maƙala ina so mu duba abin da ake kira ciki a wajen mahaifa, musamman kalmomin da ke yawo a bakin mutane lokacin da mace take murmurewa bayan magani. Dalilina shi ne, mu da ke zaune kusa da unguwannin Sabo a garuruwan Kudu, da zarar an ji muna nazarin Hausa sai a mai da mu tafintoci a asibiti.

Da farko, mene ne shi? Ƙwan mace yakan haɗu da maniyyi a cikin wani siririn bututu, sannan ya gangara mahaifa ya zauna. Idan ya maƙale a hanya ya fara girma a can, an sami ciki a wajen mahaifa ke nan. Yakan faru ga ciki 1 zuwa 2 cikin 100, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 a bututun ne. Ba a iya mayar da shi mahaifa, in kuma aka bar shi yana iya fasa bututun, jini ya taru a cikin mace. Al-Zahrawi, likitan Andalus da ya rasu a 1013, ya bayyana shi, amma sai a 1883 Lawson Tait ya yi nasarar tiyatarsa a Ingila. A yau manyan hanyoyin magani biyu ne: tiyata, ko allurar metotirezet idan an gano shi da wuri bai fashe ba.

A nan aikin tafinta yake farawa. Kada ya ce an zubar da ciki, domin a Hausa wannan magana tana ɗauke da zargi, kuma tana iya haddasa fitina a gidan aure. Ɓari ya fi kusa, sai dai wanda ya ji ɓari zai tambayi ko an yi wankin ciki, alhali wankin ciki mahaifa yake sharewa, matsalar kuwa ba a can take ba. A ganina gara a faɗi doguwar jimla: cikin ya zauna a inda ba zai rayu ba, an yi magani don a ceci ranta.

Kalmar da ta fi ba ni tsoro ita ce kwanciyar ciki. Akwai daɗaɗɗen tunani a tsakanin Hausawa cewa ciki yana iya kwanciya watanni, har ma shekaru, daga baya ya tashi. To, bayan allurar, sinadarin da awon ciki ke ganowa ba ya ɓacewa nan take. Ana ɗibar jini a rana ta 4 da ta 7, ana neman ya ragu da aƙalla kashi 15 cikin 100 tsakanin awon biyu, sannan a ci gaba da awo mako-mako har ya ƙare, abin da kan ɗauki makonni. A tsawon wannan lokaci awon fitsari zai iya nuna akwai ciki. Na taɓa yi wa wata maƙwabciyarmu tafinta, na ji surukarta tana cewa, "Ai kwanciya ya yi, a daina wahalar da yarinya da ɗibar jini." Na ce, "Inna, ragowar alamarsa ce ake gani a awon, kuma muddin ba ta ƙare ba bututun yana iya fashewa." Da ƙyar ta bari aka koma.

Sai maganin ƙarin jini. Duk mai zuwa dubiya zai ba da shawararsa, da kyakkyawar niyya. Amma ƙwayoyin da ake bayarwa wajen awon ciki yawanci suna da folik asid, shi kuwa yana rage ƙarfin metotirezet. Don haka ake dakatar da su sai likita ya ce a koma. Haka ake guje wa barasa da magungunan ciwo irin su ibufurofen da dikulofenak, a tsaya ga farasitamol. Saduwar aure da aiki mai nauyi, kamar daka da ɗaukar ruwa, su ma sai an sallame ta.

Yanzu ga darasin da ba ya cikin littafin nahawu. In ka ce wa Bahaushe "Yaya jiki?", amsar ita ce "Da sauƙi", ko da yana shan wuya. Gaisuwa ce, ladabi ne, ba rahoto ba. Tafintan da ya miƙa wa likita "da sauƙi" ya yi shiru, bai fassara komai ba. Sai an bi gaɓa-gaɓa: Mararki tana ciwo? Ɓangare ɗaya ne? Kina jin jiri in kin miƙe? Kan kafaɗarki fa? Wannan ta ƙarshe takan ba mutane dariya, wai ina ruwan kafaɗa da mara, amma jinin da ya taru a ciki yana iya sa ciwon kan kafaɗa. Ɗan ciwon mara kwanaki kaɗan bayan allura abu ne da aka saba gani. Ciwo mai tsanani kuwa, ko jiri, ko suma, asibiti ake nufa nan take, ko da tsakar dare.

Abin lura kuma, wannan mace ba mai jego ba ce, ba za a ce mata barka ba. Duk da haka ta yi rashi, kuma sau da yawa ba wanda ya san tana da cikin, tunda kunya ta hana faɗa. Na fi son a ce mata "Sannu da jiki, Allah ya musanya da mafi alheri", a bar mata tambayar yaushe za a sake. In ita ta tambaya, amsar likitoci ita ce a jira aƙalla wata 3 bayan allurar. Mace mai bututu ɗaya lafiyayye tana iya haihuwa, amma da yake abin kan maimaitu ga kusan 1 cikin 10, da ta ga ɓatan wata sai ta je a yi mata hoto da wuri, a ga inda cikin ya zauna.