Amsar Tambaya: Aikin Rukuni Babu Magana

Tambaya: Malam, ɗalibai ne mu a Kwalejin Fasaha ta Tarayya, Ƙaura Namoda. An ce rukuninmu ya isar da labari babu furuci. Ta ina za mu fara?

Amsa: Ƙannena, ku kawo kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis cikin aji. A shaƙi daddawa, a damƙi gero, a ji kalangun mahauta. Kowa zai gane inda yake. Alamomi kuwa kada ku ƙirƙiro na son rai. Kurame suna da maganar hannu mai ƙa'idarta, ku je ku koya wurinsu cikin ladabi.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙara. Cikinku akwai 'yan Zurmi da Shinkafi da suka kwana jin harbi. Ban da buga abu ba zato, kuma kada a rufe idon kowa ko a taɓa shi sai ya amince.