Darasi: Haƙƙin yaro na bin yaro, ko da aure ya mutu

Iyaye mata da masu faɗakarwa na garuruwan Damargu, darasin wannan takarda ya shafi abin da ke faruwa a gidaje da yawa, daga Tanut da Gangara har zuwa Tarka da Balbeji. Idan aure ya mutu, mace takan koma gidan iyayenta da goyo a baya, amma katin taimako da takardun yaro su tsaya a gidan da ta baro. Sai a wayi gari buhun yana wani gari, bakin da aka yi rajista dominsa yana wani. Ka'idar da muke so kowa ya riƙe ita ce: duk taimakon da aka rubuta da sunan yaro, na yaron ne, kuma yana bin sa duk inda yake kwana.

Me ya sa wannan lokaci yake da haɗari?

Rabuwar iyaye takan zo da yaye na gaggawa. A ɗauke yaro daga nono rana ɗaya, a kai shi wurin kaka, alhali bai saba da kunu ba. Ga shi kuma an yi nisa da gidan likitan da ya san shi. Idan hakan ta faɗo tsakanin watan Yuni da Agusta, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, tamowa takan kama yaro cikin ƴan makonni. Shawarar likita ita ce nono zalla har wata 6, sannan nono da ƙarin abinci har shekara 2. Mutuwar aure ba ta sauya wannan ba.

Abin da ke wuyan uba

Kafin a yi zancen taimakon ƙungiyoyi, ci da tufafi da maganin yaro suna wuyan mahaifinsa. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita gwargwadon hali, aya ta 6 a Suratuɗ Ɗalaƙ kuma ta wajabta ciyar da mai cikin da aka saki har ta haihu. A mazhabar Malikiyya da muke bi, uwa ce ta fi cancanta da renon ƙaramin yaro. Idan uba ya ƙi sauke nauyinsa, a fara da dattawan dangi da liman, sannan mai gari ko sarki, domin doka ta ba su ikon sulhu. Idan sulhu ya gagara, kotun Tanut tana iya yanke abin da uba zai riƙa bayarwa. Neman abincin ɗa ba rashin kunya ba ne, kuma taimakon da uwa ke samu daga wani shiri ba ya sauke wa uba nasa nauyin.

Takardu uku da za su tafi tare da yaro

Ta farko, karnen lafiya. A cikinsa ake ganin alluran rigakafi da awon yaro. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta sa duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 ya zama kyauta a gidajen likita na gwamnati, kuma wannan haƙƙi bai dogara da auren iyaye ba.

Ta biyu, takardar haihuwa. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwa. Idan wa'adin ya wuce, sai an bi ta hannun alƙali. Ofishin magajin gari na iya ba uwa kwafi idan ta asali tana hannun uba. Idan uban ma'aikaci ne mai rajista a CNSS, ana biyan kuɗin tallafin iyali saboda ƴaƴansa, kuma wannan takarda ce hujjar yaro. Uwar da ke riƙe da yaran ta nemi bayani a ofishin CNSS na Damagaram.

Ta uku, katin shirin da yaro yake ciki, ko na maganin tamowa ne ko na rabon garin kunu na yara ƴan wata 6 zuwa 23.

Yaron da ke karɓar maganin tamowa

Idan yaro yana zuwa CRENAS kowane mako, kada uwa ta bar gari ba ta sanar da likita ba. Za a ba ta takardar sauyin wuri, ta kai gidan likita mafi kusa da inda ta koma, a ci gaba daga inda aka tsaya. Yaron da ya daina zuwa ba labari, akan rubuta shi cikin waɗanda suka bar magani, kuma jikinsa na iya komawa baya. Plumpy'Nut magani ne: ba a raba shi tsakanin gidan uba da gidan uwa, ba a sayarwa, ba a ba yayye.

Kuɗin tallafi na gida

Shirin gwamnati na tallafa wa gidaje marasa ƙarfi, wanda ya fara a 2011 da taimakon Bankin Duniya, ya soma ne da biyan jaka 10 a wata har wata 24, kuma a hannun mata ake sakawa, domin su ne ke kula da tukunya. Irin wannan tallafi da sunan gida ake rubuta shi, shi ya sa rabuwa ke kawo gardama. Kowane shiri yana da ka'idarsa game da wanda zai ci gaba da karɓa. Saboda haka kada mace ta miƙa katinta ko ta sa hannu a wata takarda kafin ta ga ma'aikacin shirin. Ta je wurin kwamitin karɓar koke na gari, ta faɗi yara nawa ke hannunta da inda suke zaune, a rubuta. Gyaran suna kyauta ne. Wanda ya nemi kuɗi ko wata alfarma domin gyara rajista ya yi laifi, a kai ƙararsa.

Aikin mai faɗakarwa

Da zarar kun ji mace ta dawo gida da ƙaramin yaro, ko an kawo yaro wurin kaka, ku ziyarce su cikin makon. Ku auna damtsen yaro: ja, wato ƙasa da milimita 115, ko kumburin ƙafafu biyu, a tafi gidan likita ranar, rawaya, tsakanin 115 da 125, shi ma a kai shi a duba. Ku tambayi inda takardu ukun suke. Ku rubuta sunan wanda ke ciyar da yaron a zahiri, uwa ce, kaka ce, goggo ce ko uba. Ku koya masa awon damtse da dama kunu mai gyaɗa ko wake. Ba aikinku ba ne ku faɗi wanda ya yi laifi a auren, kuma sirrin gida ya tsaya a bakinku.

Tambayoyin tattaunawa a taron mata

1. A garinmu, wa ke riƙe karnen yaro idan aure ya mutu?
2. Yara nawa ne ƴan ƙasa da shekara 2 ke zaune wurin kakanni, kuma yaushe aka auna su?
3. Su wa ke cikin kwamitin karɓar koke, kuma wace rana ake samun su?