Ciyar da Doki Lokacin Rani

Daga watan Nuwamba, sa'ad da hunturu ya kama, ɗanyar ciyawa takan ƙare tun daga Abuja har Sakkwato, kuɗin harawa kuwa ya yi ta hawa har faɗuwar damina.

Saboda haka wajibi ne mai doki ya tanadi harawar gyaɗa da ta wake tun da kaka, ya ɗora bisa rumfa, nesa da laima da gara. Doki mai nauyin kilo 300 yana bukatar wajen kilo 6 na busasshen abinci kullum, galibi harawa da ingirici, sauran dawa da dusa. A haɗa masa da 'yar kanwa da isasshen ruwa. Harawar da ta yi funfuna a zubar, gama takan jawo ciwon ciki mai kisa.